Lemun Cittar Baban Nadiya

Anbariyya, Madina

Yaya Tasallah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Mu dai sai godiya, amma na gaji. Tun da Baban Nadiya ya dawo daga mustashfa, wato asibiti, abinci ya fita ransa. Ba abin da yake nema sai lemun cittar nan da nake yi masa tun muna amare. Kin san yadda yake: a dafa citta da kanumfari, a sa ɗan yis, sannan wajen ɗurawa a zuba ƙaramin cokalin sukari a kowace kwalba a toshe, shi ke sa ya yi gas. To, likita ya hana shi sukari. Na gwada ɗurawa babu, ya fito salam kamar ruwan randa. Ya kurɓa sau ɗaya ya juya fuska bango.

Sai na ce bari in sa sukarin in bar shi ya daɗe, tunda yis ɗin cinye shi yake yi. Ki taya ni addu'a.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Sabuwa

Yaya Tasallah,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ki yi haƙuri da rubutun, hannuna a naɗe yake.

Dabarar ba ta yi ba. Zafin garin nan ya fi ƙarfinta. Kwalba ɗaya ta fashe a hannuna, sai da aka yi ɗinki. Da Nadiya ta zo goge wurin ta sunsuna, ta dube ni ta ce da Larabci, kamar kullum, wannan ai ya zama giya. Na ɗanɗana a bakin harshe, gaskiyarta ce. A garin Manzo, Yaya, a cikin ɗakin girkina. Muka tuttular da sauran a makwarara, ina istigfari.

Kin ga inda nake. In na ba shi da wuri, sukari ya cuce shi. In na jira, ya haramta.

Jiya Nadiya ta sayo ruwan soda a wani kanti a titin Sultana. Na haɗa da cittar, na ɗura a tsohuwar kwalba na kai masa, ban gaya masa da soda na haɗa ba. Ya sha rabi, ya tsaya yana kallon bandejin hannuna. Ya ce, "Wannan ba naki ba ne, Sabuwa." Na ce e, ba nawa ba ne. Ya shanye sauran, ya ce gobe ma a kawo irinsa.

Na fita tsakar gida na zauna. Ban yi kuka ba, ƙarfin yinsa ma babu.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Sabuwa