Ranar da aka huda kan Kawu

Gusau, daren Laraba, watan Sha'aban

Ni na riƙe ƙafafun Kawu Mamman yau da aka huda masa kai.

Jiya a kasuwar Bungudu jakinsa ya harbe shi a gefen kai. Ya tashi, ya zagi jakin da uwarsa, ya ci tuwo. Da asuba kuwa ya ƙi farkawa, sai minshari da amai. Wanzami ya kafa ƙaho, shiru. Muka ɗauko shi a amalanke zuwa wurin likitan Turawa na masu aikin layin dogo.

Likita ya buɗe masa ido, ya ce ta bakin tafinta jini ya taru a ƙarƙashin ƙashi yana danne ƙwaƙwalwa, sai an huda. Inna, matar Kawu, ta ce, "Kan mutum ne fa, ba ƙwarya ba!" Na ce mu bari a huda, Allah na nan.

Likita ya murza wani ƙarfe kamar na kafinta a kan Kawu. Baƙin jini ya fito, ni kuma na faɗi sumamme. Sai da aka yayyafa mini ruwa.

Bayan la'asar Kawu ya buɗe ido, ya ga dangi daga Tsafe suna kuka. Ya ce, "Wa ya rasu?"

Likita ya ce kada ya sake ɗaukar kaya a ka. Kawu, da bai taɓa ɗaukar ko dami ba, ya kamo rigar tafinta ya ce, "Maimaita da ƙarfi, Inna ta ji."