Babban Yatsan Mufaddal

Fas, 3 ga Muharram

Zuwa ga 'yata Gizlan, malamar asibiti a Agadir. Sallama da albarka. Uwarki tana gaishe ki, ni ma haka.

Safar hannun da kika aiko ta iso. Na sa ta, na zaga majema tun daga ramukan farar ƙasa har zuwa na rini, duk wanda ya kalla in ce masa 'yata ce ta aiko daga asibiti. Bushta maƙwabcina a wurin aiki, wanda shekara talatin ba mu taɓa yarda da juna a kan fata ɗaya ba, ya ce, "Amarya ce za a kai?" Na ce masa wanda bai haifi mai ilimi ba ai dole ya yi surutu.

Fatun layya sun cika ramuka. Kin san tun ina ɗan goma sha bakwai ba a fid da fata daga farar ƙasa sai na murza ta da babban yatsa. In ta yi kwana guda fiye da ƙima ta lalace, in an cire da wuri gashi ya ƙi fita. Wannan ba a koyon shi a Agadir.

Kin tambayi hannuna. Lafiya lau yake, ɗan ƙaiƙayi ne kawai.

Mahaifinki, Mufaddal majemi

Fas, 19 ga Muharram

Gizlan 'yata, ina fata kina lafiya. Ni ce uwarki Zuhur, kuma ubanki bai san na rubuto ba.

Ɗan ƙaiƙayi ya ce miki ko? Ƙarya yake. Hannayen sun kumbura har wuyan hannu, sun yi jawur, tsakanin yatsu ya tsattsage yana ruwa. Gurasa ma ni nake gutsura masa. Jiya kofin shayi ya suɓuce masa, ya ce wai kofin ne mai santsi.

Abin da ya ɗaure mini kai, tun da ya fara sa safarki abin ya ƙaru. Na ce ya cire, ya ce, "Ke Zuhur, kyautar 'yata zan cire Bushta ya yi mini dariya?" Daga asuba har la'asar tana hannunsa. Da na ɗauko zan wanke sai na ga ya sa almakashi ya datse kan babban yatsa da na manuniya, wai roba ba ta jin fata. Na juya ta, farin ruwa ya zubo.

Tsoro nake ji. Ki yi masa magana, ke yake jin kunya.

Uwarki

Agadir, 24 ga Muharram

Baba, ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Kada ka yi wa Umma faɗa, da ba ta faɗa ba da ni zan yi fushi da ita.

Baba, ta hujin nan ruwan farar ƙasa yake shiga, roba kuma ta riƙe shi da gumi wuni guda. Abin da kake yi wa fatar akuya shi ka yi wa hannunka. A da in ka fito rami kana wankewa, iska ta busar. Ga shi kai ka ba ni labarin kircin da ka yi fama da shi kana yaro, kuma mai irin wannan jiki abu kaɗan ke tayar masa. Laifina yana ciki, na aiko ban yi bayani ba, kuma na manta wane ne ubana.

Na nuna wa likitanmu wasiƙar Umma. Ya ce ka je asibiti a duba, kuma sati uku kada hannunka ya taɓa rami, ko na farar ƙasa ko na kashin tattabara ko na rini. Bayan nan safar auduga a ciki, doguwar roba marar huji a waje. In ka ƙi, ciwon zai zauna, har ruwan alwala ya gagare ka.

Na san me sati uku yake nufi a watan nan. Da wannan yatsa ka biya mini makaranta, kuma a nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce ni 'yar majemin Fas ce, da ƙarfi nake faɗa. Ina roƙonka ka bar mini shi.

'Yarka mai biyayya, Gizlan

Fas, 17 ga Safar

'Yata, sallama.

Na je asibitin, na sha man shafawa, na zauna. Kwana ashirin ina kan kujera a bakin majema hannu naɗe da farin ƙyalle, ina kallon mutane suna fid da fata ba wanda ya waiwaye ni. Ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Tsagar ta haɗe, amma likita ya ce ni da farar ƙasa hannu tsirara mun rabu ke nan. Na dawo gida na ce wa uwarki majeminta ya ƙare.

Jiya fatu sittin na wani mai ɗinka takalma suna rami, aka yi ta gardama ko sun yi. Sai na ga Bushta ya zaro ɗaya, ya nufi famfo. Sau bakwai ya ɗauraye ta, ina ƙirgawa. Ya kawo ta gabana yana huci, kowa na kallo, ya ce, "To sarkin iyayi, babu sauran farar ƙasa a jikinta. Taɓa."

Na murza. Na ce saura kwana ɗaya.

Ya ce, "Ni ma haka na gani." Ƙarya yake, da safe shi ke cewa a fid da su. Duka sittin aka bar su a rami, yau aka cire, gashi yana zubewa da kansa.

Ban yi kuka ba, ko me uwarki za ta rubuto miki.

Mahaifinki, Mufaddal majemi