Gwazar Bikin Tioti

Tsibirin Abaiang, watan Maris

Zuwa ga 'yata Rakera,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikana Tioti, kuma sanyin Auckland bai taɓa masa ƙirji ba. Ni dai ga ni, gwiwa ce kawai.

Na ji za ku kawo shi gida bikin cika shekara. Kin san abin da zan ajiye a zauren gari ranar: babai ɗin nan, gwazar da na dasa a ramin shukar mahaifiyarki shekarar da kika tafi. Ni nake saƙa mata kwando a gindi, ni nake ciyar da ita ruɓaɓɓen ganye. Sai ƙarti biyu za su iya ɗaga ta.

Amma tumbatsar teku ta watan jiya ta ɓullo ta ƙarƙashin ƙasa. Na ɗanɗana ruwan ramin, gishiri ne. Ganyen ya fara rawaya. Kawunki Baraniko ya ce, "Malam, tone ta yau, mu kankare mu shanya. Ko sai ta rubuto maka takardar sallama da Turanci?"

Saura kaɗan in tone. Sai ga Timeon, wanda na koya wa zanen taswira yana majina, yanzu shi ne mai wayar da kan jama'a kan hawan teku. Ya durƙusa ya ce baƙi na tafe da na'urar ɗaukar hoto, kuma ramina ne kaɗai ya rage da abin nunawa. "Baba, duniya ba ta jin magana, sai ta gani." Na ce masa tun kafin a yaye shi nake faɗa wa duniya. Amma na yarda. Ya ce za su iso a jirgin ruwa na gaba.

Ki sumbatar min yaron.

Mahaifinki,
Tebwaki

Abaiang, watan Mayu

Rakera 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Yaya haƙoran Tioti? Ki riƙa shafa masa man kwakwa.

Jirgi bai zo ba sai makon jiya. Baƙin mutanen kirki ne, wannan ne ma ya fi ɓata min rai. Na shirya musu bayani kan yadda ruwan daɗi ke kwance a kan na gishiri a ƙarƙashin tsibiri, da yadda teku ke turo shi sama. Matar da ke shugabantarsu ta saurara kaɗan, sai ta roƙe ni in cire tabarau da riga, in yi magana da harshenmu, Timeon ya fassara. Wai ya fi taɓa zuciya. Na tsaya tsirara rabi a cikin laka ina jin yaron yana ɓata min jimloli.

Sannan muka tona. Hannuna ya nutse a cikinta kamar a cikin kifin da ya kwana uku a rana. Wari ya kori kowa, ban da mai hoto, wanda ya matso ya ce ko zan sake ɗagowa a hankali. Na sake. Baraniko bai yi min gori ba. Ya tafi gida kawai, da ma zagina ya yi.

'Ya'yan da ke gindinta ma sun ruɓe. Irin kakarki ne, kuma na zaga ƙauyuka, babu mai shi.

Jiya Timeon ya zo da murna, wai an nuna ni a wani babban taro a ƙasar waje, har mutane sun yi kuka. Na ce in hawayen ba su da gishiri a aiko mana, muna da ramin zubawa. Ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne, ya gaskata abin da yake yi. Wataƙila ma shi ke da gaskiya, ni dai ba zan gani ba.

Ku zo duk da haka. Zan zauna a mazaunin gidanmu a zaure, a kira sunana, in miƙa hannu wofi gaban dangin mijinki. Ki taho da shinkafa daga can, don ta kantin nan ta ƙare, kuma ban ƙara dogara da jirgi ba.

Naki har kullum,
Tebwaki