Mijina ya fi sanin kunnen ɓera

Anti, ki taimaka min kafin in yi abin da zan yi nadama.

Mijina masani ne, haka dai ake ce min. Aikinsa leƙen ƙwayoyin halitta a fatar kunnen ɓera, ɓeran kuma da ransa. Wai ƙwaya ba ta rabuwa biyu sai ta kai wani girma, ƙarama ta jinkirta, babba ta yi sauri, shi kuma Allah ya ɗora masa gadinsu. Kullum sai ya sa ɓeran barci ya ɗauki hoton wuri ɗaya a kunnen, don in ya tsallake rana sun rabu, bai san wace ce wace ba. Ɓera kuwa bai san Asabar da Lahadi ba.

Ranar da 'yarmu ta karɓi kyauta a makaranta, jakata ce ta zauna a kujerarsa. Ya dawo da takalmin ban haƙuri wanda ko bara ba zai shige ta ba. Yarinyar ta yi godiya, ta cusa ƙafa, ta yini tana ɗingishi a ɓoye don kada ransa ya ɓaci. Wannan ne ya ƙona min rai. Yanzu ta daina tambayar yaushe Baba zai dawo. Ina son mijina, amma na fara haɗa kaya. In tafi gidanmu?

Matar mai ɓera

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Ki gaishe min da babban masanin girma, wanda 'yarsa ke girma a falonsa ba da saninsa ba.

A yi masa adalci dai, ba yawo yake zuwa ba. Nama mai rai ba ya jiran kowa, fashin rana ɗaya na iya rushe aikin watanni. Sai dai ban taɓa jin ɗakin bincike mai mutum ɗaya ba, kuma ɓeran da ke barci bai san hannun wa ke ɗaukar hotonsa ba. Sai ya koya wa abokin aikinsa, su riƙa karɓa-karɓa.

Ke ma ban wanke ki ba. Kin ba ni labarin ɗingishin, shi kin ba shi? Ke kina ɓoyewa, yarinya tana ɓoyewa, sannan kuna mamakin bai gani ba.

Ki sauke kayan. Kada ki yi masa lacca, ya fi ki iyawa. Ki gaya masa 'yarsa ta daina jiransa, daga nan ki yi shiru. In jikinsa ya yi sanyi, kina da miji. In ya ce a bari a gama gwaji tukuna, ki sake rubuto min, ni zan taya ki rufe akwatin.

Allah ya daidaita ku, ya raya mana yarinya.