An Cire Allon Soro, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu kafinta.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwar da 'ya ke bin mahaifinta da ita har makwancinsa, ina sanar da kai cewa ranar Asabar an cire allon da ka sassaƙa a tagar soron gidanmu na Kabara. Yaya Auwalu ne ya sa aka cire. Inna sai ƙarar guduma ta ji, ni kuwa a waya aka gaya mini.

Ya ce gyara yake yi saboda ɗaurin auren ɗansa. An sa tayil, an shafe dagin da ke jikin bango da siminti, an bi da fenti. Allon kuma, in ji shi, sabunta shi aka yi. An ɗauki hotonsa, an kai wa masu injin da ke yanka da kwamfuta, sun fitar da irinsa a farar roba.

Na je na gani ranar Litinin. Zanen ya fito, ba zan yi musu ƙarya ba. Taurarin nan naka masu kusurwa takwas suna nan, kowanne sarƙe da na kusa da shi. Abin da hoto bai ɗauko ba shi ne kaurin katakon maɗacin da ka yi allon da shi, da yadda ka huda shi.

Damina guda ka yi a kansa, kana zaune a tabarma da siririn zartonka. Kowane huji a karkace ka yi shi, bakinsa na soro a ƙasa, na tsakar gida a sama. Baƙo in ya leƙa, sararin sama yake gani. Inna kuwa in ta matso daga ciki, tana ganin kowa har takalminsa. Ta nan take ƙirga baƙinka ta ƙara wa kunu ruwa. Ka kan ce, “Zanen na baƙo ne, hujin na masu gida.”

Inji a miƙe yake huda. Robar ba ta fi kwali kauri ba. Ta cikinta duk wanda ya zauna a soro yana ganin tsakar gida har bakin rijiya, har igiyar shanya. Washegarin da aka kafa ta, abokan Yaya suka zo ganin aiki, Inna na zaune tana alwala, kanta ba ɗankwali. Matar da ta tsufa a gidan nan namijin waje bai taɓa ganin gashinta ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki butarta da tabarmarta ta shige ɗaki, kuma har yau can take wuni cikin zafin nan.

Da aka gaya wa Yaya, maganin da ya samo shi ne baƙar leda. An buga ta da ƙusa a bayan robar. Ido ba ya shiga, iska ma haka, Inna kuma ba ta aminta da leda ba.

Na tambaye shi inda allonka yake. Ya yi dariya, ya ce mu 'yan jarida mun koyi son tsofaffin tarkace a wurin Turawa, leburori sun kwashe shi da baraguzai. A ranar kuma ya sa hoton sabon soron a shafinsa na sada zumunta, ya rubuta cewa yana raya gadon iyaye. Mutane na ta sa masa albarka. Na karanta na rufe wayar.

Ni ma ban fita daga laifi ba, Baba. Na yi shekaru ina rubutu a kan ganuwa da tsofaffin gine-ginen birni, amma ban taɓa zama kusa da kai na tambayi yadda kake auna karkatar hujin nan ba. Na ɗauka kullum kana nan. Kafintoci biyu na samu a Ƙofar Mazugal, dukansu sun ce za su gwada in sun ga na asali a hannu, amma daga hoto ba za su iya ba. Don haka in Inna za ta dawo tsakar gidanta, sai an sami allonka.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya mana gida. Ya shirye mu, mu da ka bari.

Ɗaya daga cikin leburorin ya ce sun sauke katakan a wurin wani mai sayar da tsofaffin ƙofofi a Jakara. Na kira mutumin ɗazu. Ya tuna da wani allon maɗaci mai huji-huji, amma bai tabbatar ko yana cikin waɗanda wata mai waina ta ɗiba don hura wuta ba. Ya ce in zo gobe da safe mu duba.

'Yarka,
Rabi