Kujerar Baya a Ruwan Annapolis

Litinin, 8 ga Yuli

Na sake karanta littafin soyayyar nan, babin da jarumi ya tuƙa amaryarsa a jirgin ruwa yana rera mata waƙa. Yaya Sharifu ya dawo aiki, ya ci tuwo, ya ce "Sannu da ƙoƙari," ya kwanta. Shi ke nan. Anya mijin nan nawa yana sona, ko kirki ne kawai?

Alhamis, 11 ga Yuli

Na ga tallan yawon kwale-kwale a garin Annapolis, ƙaramin nan na roba mai cin mutum biyu, jagora na nuna tsofaffin gine-gine daga ruwa. Na ce mu je. Ya ƙura wa tallan ido, sannan ya ce "To." Har na hango shi yana tuƙi, ina jingine, mayafina na kaɗawa.

Asabar, 13 ga Yuli

Mayafi bai kaɗa ba, rigar ceto ta danne shi. Jagorarmu Olive ta sa shi a baya, wai wanda ya fi nauyi ke juya jirgi. Ashe ko fuskarsa ba zan gani ba.

Sauran 'yan yawon suka yi gaba, mu muna ta kewayawa kamar akuya a turke. Haushi ya kama ni. Sai na ji Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Na waiwaya, ya ƙanƙame filafilin tuƙi, ido a rufe.

"Najiba, don Allah kar ki motsa."

Wai bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba! Na ce me ya hana ka faɗa?

"Ai na ga kina so."

Muka matsa gaɓa muka sauya wuri. Ni 'yar Yawuri ce, a bakin kogi na tashi, hannuna bai manta tuƙi ba. Olive na ta bayanin hasumiyar majalisa, ban ji ko kalma ba. Ƙeyarsa nake kallo, gumi sharkaf.

Lahadi, 14 ga Yuli

Kafaɗuna kamar an yi mini duka. Ya shafa mini man zafi.

Laraba, 17 ga Yuli

Na ji shi a waya da mahaifiyarsa: "Wallahi Hajiya, ita ta ɗauko ni, kamar buhun masara." Yana ta dariya.

Ƙawata Hairat ta ce mu koma da mazajenmu a Agusta. Na ce mata zafi ya yi yawa. Shi kuma na ce masa wannan karon ya zaɓi inda za mu. Wai wani fili kusa da tashar jiragen sama ta Dulles, a zauna a mota a kalli jirage suna sauka. Abin dariya.

Na dai riga na kwaɓa cincin ɗin da za mu ci a motar.