Goran Munira

Gesse, Birnin Kebbi

Zuwa ga jikana kuma abokin faɗana, Taufiq, a ƙasar Maleshiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, ina roƙon Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a aikin da ya riƙe ka can, Ya tsare ku daga sharrin abin ƙi. Mu nan sai godiya. Goggonka Rukayya ce ke rubutawa, ni ina faɗi. Na lura tana gyara mini magana, in na ce wanga ta rubuta wannan, kamar a Kano aka haife ta, amma na gargaɗe ta kada ta rage ko kalma ɗaya daga abin da ke raina. In ka ji wani wuri ya yi taushi, hannunta ne, ba bakina ba.

Labarin gida alheri ne. Baffanka Mansur yana lafiya da iyalinsa. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, ruwa ya hau amma bai ci gona ba, masu albasa kuma har sun fara gyaran wuri. Ƙanena Hodi yana can Argungu, ƙafarsa na damunsa, bakinsa kuwa lafiya lau, bai fasa musu da kowa ba. Ni kaɗai ne ba ni inda ya kamata a same ni. Tun da yanar ido ta rufe mini na hagu ta fara taɓa na dama, Mansur ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa na Gesse, wai don in kusanci likita. Gida ne mai kyau, ban raina ba. Amma ko'ina siminti, katanga ta fi ni tsawo, ƙofa ta ƙarfe, ba ka jin ƙamshin gulbi ko kaɗan. In na zauna a kujera sai in ji ta ishe ni, in koma tabarma, in tashi in kewaya tsakar gida in dawo. Matar Mansur ta ce na fi kajinta yawo. Mutumin da ya tashi yana duba ruwa kowace safiya don ya san abin da ranar za ta yi, an ajiye shi yana kallon fanka.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da Rukayya. Ka san ɗakin goruna na gidanmu na Argungu, ko da yake ka bar gida kana yaro, ban san iyakar abin da ka riƙe ba. Bari in tuna maka. Tun kakannin kakana, duk ɗan da aka haifa mana, namiji ko mace, ana zaɓa masa duma tun yana jikin yaɗo, a yanke, a shanya, a rataye. Irin goran nan ne babba da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa da homa, ragar kamun kifi ta hannu. Ba a yi masa zane a tudu. Sai ranar da aka kai yaron gulbi, dattijon gida ya shiga ruwa zuwa ƙugu, ya kifa shi bisa goransa, ya sake shi kaɗan ya ga abin da zai yi. Abin da yaro ya yi, shi ake zanawa a wuyan goran da wuƙa, kusa da ƙayar kifi, wadda ita ce shaidar gidanmu. Mansur kuka ya yi ta yi, nasa ɗigon hawaye ne. Rukayya ta yi ta bugun ruwa da ƙafa kamar agwagwa, kuma ga ta nan tana dariya, har yau ba ta daina hanzari ba. Kai kuwa ka kama wuyan goran da haƙora ka ƙi saki, sai da na ɗaga ku tare kamar kifi da ƙugiya. Haƙora na zana maka. Duk wanda ke rataye a ɗakin nan na san shi, na san uwarsa, na san shekarar ruwan da aka sa shi, ko da idona a rufe, in na shafa wuyan goran zan faɗa maka mai shi.

To, ka tuna ranar Sallah da Rukayya ta kira ka ta wayar nan mai nuna fuska, muna Argungu, yaran gida suka shiga ɗakin kowa ya ɗauko goransa yana nuna muku. Ni ba na ganin komai a cikin wayar sai haske, amma kunnena ƙalau yake. Na ji ɗiyarka Munira ta ɗaga murya tana maimaita magana guda, tana faɗin sunanta tana haɗawa da wani ɗan guntun abu, Munira pun, Munira pun, har muryar ta fara rawa. Na tambaya mi take cewa, kai ka yi dariya ka ce rigimar yara ce kawai. Matarka Adawiyya ce, Allah Ya yi mata albarka, ta tsaya ta yi mini bayani da 'yar Hausarta da ka koya mata. Ta ce a harshensu wannan pun ɗin ana liƙa shi bayan sunan mutum don a jawo shi cikin waɗanda aka riga aka ambata, kamar yadda muke cewa ni ma, ko har da ni. Ta ce kuma yana da nauyi, ba a faɗinsa a banza, mai faɗinsa yana nufin kada a kuskura a tsallake shi. Ashe yarinyar nan ta ga kowa riƙe da nasa, ita ce take cewa ita ma fa. Taufiq, ban taɓa shiga aji ba, ban san harshen kowa ba sai na uwata da ɗan Fillancin kasuwa, amma wannan kalma tun kafin a fassara mini na ji ta a ƙirjina. Tun ranar take bina. Ina alwala tana kunnena.

Washegari na zagaya bayan gidanmu wurin yaɗon duma, na bi da hannu har na samu ɗaya mai faɗin ciki da gajeren wuya, na ɗaura masa tsumma. Hodi ya iske ni a nan. Ya ce mini ba a yanka wa wanda ba zai zo ba. Ya ce yarinyar da ba ta jin Hausa, uwarta mutuniyar wata ƙasa, ta saba da ruwan da ake tarawa a rami mai tayil, mi za ta yi da gulbin Rima? Na ce masa ai gulbi bai taɓa tambayar yaro yarensa ba, dukansu da kuka suke shiga. Sai ya ce ba wannan ne ke damunsa ba, yana tsoron in ƙara mana wani Sunusi ne. A nan ya taɓa inda ke ciwo.

Ban sani ba ko an taɓa ba ka labarin Sunusi. Yayanmu, wanda nake bi, ya tafi aikin hajji ta ƙasa tun muna samari, ya yada zango a Sudan, ya yi aure can. Wani alhaji da ya dawo ya kawo saƙo cewa an yi masa ɗa namiji, an sa masa Sunusi, kuma za su taho in yaron ya yi ƙwari. Babanmu ya yanki duma a shekarar, ya rataye. Kowace kaka sai ya sauke shi ya goge, ya ce bana za su zo. Yaro ya yi ƙwari, aka ce sai ya ɗan yi karatu. Daga nan saƙo ya fara nisa, daga baya ya yanke. Babanmu ya rasu yana tambaya ko an ji motsin baƙi. Goran nan yana nan a kusurwar gabas, sumul, babu ko ƙarce. Babu wanda ya yi faɗa da wani, babu wanda ya ce ba zai zo ba. Sai baɗi, sai baɗi, shi ke nan abin da ya raba mu. In Sunusi yana raye yanzu tsoho ne mai jikoki, kuma bai san akwai abin da ke jiransa a wani ɗaki a Argungu ba. In na shafa sauran ina jin mutane. In hannuna ya kai kan nasa sai in janye.

Shi ya sa amsar da ka aiko ta bakin Mansur ba ta kwanta mini ba. Wai in zana mata kowace irin shaida na ga dama a ɗauki hoto a tura muku, ko a ba wani mai tahowa ya kai mata, zuwa gida kuma sai ta ƙara girma, aiki ya yi sauƙi. Kai abokina, yaushe ka zama mai wayo haka? Mi zan zana? Na san abin da za ta yi a ruwa ne? Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi dariya, wataƙila ta ciji goran kamar ubanta. In na zana abin da ban gani ba na yi mata ƙarya, kuma ƙaryar za ta rataya a ɗakin nan bayan raina. Gora kuma ba tsaraba ba ne da za a cusa a jaka. Sai ta ƙara girma ɗin nan da ka faɗa, da wannan kunnen na taɓa jin ta, daga Sudan.

Bari in gaya maka abin da na yi, don na san Mansur zai riga ni kai ƙara. Da lokacin yankan duma ya yi ina nan tsare a Gesse, na roƙi a kai ni, aka ce sai an ga likita, sai an samu sarari. Akwai Oladipo, ɗan kasuwar nan na Nassarawa da ke sayen shinkafa a wurinmu tun zamanin ubansa, Hausarsa ta fi taka. Ya zo gaishe ni da safe zai wuce Argungu da motarsa, na ce masa Mansur ya ce ya rage mini hanya. Bai yi musu ba, ko da yake a hanya ya ce mini shi ya san ba a aiko ni ba, tunda ya ga na fito ba hula, amma in an tambaye shi zai ce tsoho ya fi ƙarfinsa. Na isa, na laluba na samu tsummana, na yanke da hannuna. Hodi yana tsaye yana faɗin na cika taurin kai, amma shi ya riƙe mini yaɗon, kuma shi ya hau ya rataye da ya bushe. Mansur ya biyo ni da rana fuska a ɗaure. Na bar shi ya gama faɗansa na shiga mota.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Ka san tun bara nake ƙin aikin idon nan. Na ce ido ba kifi ba ne da za a sa masa wuƙa, yadda Allah Ya ba ni haka zan mayar masa. Mansur ya yi lallashi, Rukayya ta yi kuka, limamin unguwa ya zo har gida, ban motsa ba. Amma ran da na yanke goran nan na gwada wuƙar zane bisa wani fasasshe, na ga hannuna yana nan daram, idon ne ba ya nuna mini inda bakin wuƙa ya sauka. Kuma ko na iya zane da lalube, yaya zan ga abin da yarinyar za ta yi a ruwa? Hodi zai gaya mini? Wanda ko kifi ya kama sai ya ƙara masa tsawo? Don haka na kira Mansur na ce a gaya wa likita na yarda. An sa rana cikin watan gobe. Likitan ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ake sa rai. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro, irin wanda ban ji ba ko ranar da jirgi ya kife da ni a tsakiyar gulbi. Amma zan kwanta in buɗe musu idon.

To ni na ba da nawa. Kai ma sai ka ba da naka. Ba na son in sha Allahu marar wata a jikinta. Ka faɗa mini watan da za ku taho, kuma ya kasance bayan ruwa ya janye, kafin zafi ya ƙone mashaya, lokacin da gulbi ke kwance yaro na iya ganin ƙafarsa a ciki. Ka zo da Adawiyya, ka gaya mata tsohon mijinta na nan ya fi ka kyau, kuma da sabon ido zai tarbe ta. In aiki ya hana ka daɗewa, ko kwana kaɗan ya isa, abin ba ya ɗaukar fiye da safiya guda. Gora marar zane ɗaya na gada daga babana. Ba zan bar wa Mansur biyu ba.

Mansur da iyalinsa suna gaishe ku. Hodi yana gaisuwa, ya ce in gaya maka har yanzu yana kan bakansa cewa ba za ku zo ba, ka taimake ni in kunyata shi. Matan gida, Maimuna da Hamida da Zakiyya, suna gaida Adawiyya, sun ce sun tanadar mata lalle. Oladipo ya ce a gaishe ka. Ka gaida surukanka da kyau, ka yi musu godiya bisa riƙon da suke yi maka. Rukayya tana gaisuwa, ta ce hannunta ya gaji.

Ita kuwa amaryata Munira, ka ɗora ta a cinya ka gaya mata da harshen da take ji cewa an ji ta. Goranta ya bushe, yana rataye kusa da na ubanta, wuyansa fari yana jiran ta. Adawiyya ta ce mini tana kirana Tok, wato kaka a harshensu. To ka ce mata kowa na gida yana zuba ido, Tok pun.

Ni ne kakanka,
Abdussamadu na bakin gulbi, wanda aka ajiye a Gesse.